Tambayoyi da amsoshi kan canza robobi da zoben kulle na tulun keg

Keg shi ne tulun ƙarfen nan da ake ɗura abin sha a ciki, a matse shi da iskar CO2, ya riƙa fitowa ta famfo da sanyinsa da kumfarsa. A Amurka da Ingila da Ostareliya masu dafa giya a gida suna yawan amfani da shi, kuma dabarun gyaransa da yawa daga hannunsu suka fito. Ni zoɓo da lemon citta nake zubawa a nawa, amma shagonsu nake zuwa sayen kaya, kuma ciwon kanmu ɗaya ne, wato yoyo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini.

Wane irin keg ake magana a kai? Na ga iri-iri ne.

Iri biyu ne za ka fi cin karo da su, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne Cornelius, sunan kamfanin jihar Minnesota da ya yi fice wajen ƙera shi. Yana cin galan 5 na Amurka, kusan lita 19 ke nan. Asalinsa ba na giya ba ne, na lemo ne: Pepsi da Coca-Cola ne suke kai lemo gidajen abinci a cikinsa. Da suka koma zuba ruwan lemon a leda cikin kwali, sai tulunan suka zama kwantai, masu dafa giya a gida suka yi ta kwasa da araha. Dama tun 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta musu dafa giya a gida don amfanin kansu a matakin tarayya, don haka masu saye ba su yi ƙaranci ba. Wannan tulun yana da murfi mai siffar ƙwai da hannu zai iya shiga, da kawuna biyu a sama, ɗaya na shigar gas ɗaya na fitar ruwa. Shi ma kashi biyu ne. Na Pepsi, wanda masu shago ke kira ball lock, ya fi tsawo da siranta. Na Coca-Cola, pin lock, ya fi gajarta da kauri, kuma kawunansa na da 'yan ƙusoshi a gefe, biyu a na gas, uku a na ruwa.

Na biyu shi ne Sankey, tulun kamfanonin giya. Ba shi da murfi. Baki ɗaya gare shi a tsakiya, a ciki akwai dogon bututu mai bawul a ka, wanda Turawa ke kira mashi, kuma zoben ƙarfe ne ke riƙe da shi. Duk inda ka ji ana maganar zoben kulle, wannan ake nufi. Na Cornelius wasa ne idan aka kwatanta. Na Sankey shi ne mai iya raunata mutum.

Robobi nawa ne a jikin Cornelius?

Biyar ne manya da ake sayarwa a ƙulli ɗaya: babba na murfi, biyu a wuyan kawunan nan biyu, sai ƙanana biyu a ƙarƙashin leɓen bututan ciki. Bututun gas gajere ne, bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba, na ruwa kuwa har gindin tulu yake kaiwa. Bayan waɗannan akwai 'yar roba a kan ɗan bawul mai sifirin da ke cikin kowane kai, da wata a bawul ɗin sakin iska na murfi. Su ba a cika canza robarsu kaɗai ba, bawul ɗin ake sakewa gaba ɗaya.

Na sayi tsohon keg, robobinsa lafiya lau a ido. Dole sai na canza?

Canza. Cire ta murfin ka shinshina, hancinka zai ba ka amsa. Ƙarfe ba ya riƙe wari, amma roba tana sha kamar soso, kuma ba ta saki. Akwai wani lemon Amurka da ake kira root beer, mai ƙamshi kamar man zafi. Robar da ta taɓa zama da shi ko ka dafa ta sau bakwai sai ta sa wa abin shanka ɗanɗanonsa. Ban da wari, robar da ta shekara da shekaru a danne ta riga ta baje, ta daina komawa siffarta. Ƙullin robobi biyar kuɗinsa bai kai na cika tukunyar gas sau ɗaya ba. Wanda ya yi rowar roba, kuɗin gas zai biya.

To yaya ake canzawar?

Kafin ka taɓa sifana, saki iskar ciki. Ja zoben bawul ɗin murfi har sai shuuu ɗin ya ɗauke ɗif. Yawancin murafen pin lock ba su da abin ja, sai dai ka danna tsakiyar kan gas da bakin sukundireba. Ka tabbata na gas ka danna. In ka danna na ruwa, wanka za ka yi da abin da ya rage a ciki.

Daga nan ɗaga hannun murfi, tura murfin ƙasa, juya shi a karkace ya fito. Robarsa da yatsa take fita. Kawunan kuma da sifanar soket mai zurfi ake kwance su, galibi mai lamba 7/8 ko 11/16 na inci. Wasu kawunan gas gindinsu kamar tauraro yake, sai soket mai haƙora 12. Na pin lock yana son soket mai tsaga a gefe don ƙusoshin su samu wurin shiga, in ba haka ba sai sifanar baki da haƙuri. Tsohon kai yakan ƙi motsi. Kwantar da tulun, ka danne shi da gwiwa, ka ba sifanar duka ɗaya da tafin hannu.

Abin da nake roƙon kowa shi ne ya kwance gefe ɗaya, ya gama da shi, sannan ya koma ɗayan. Kan gas da kan ruwa na ball lock kamar tagwaye suke, amma kaurinsu ya ɗan bambanta. Na gas yana da 'yan tsage a gindi. In ka musanya su, mahaɗin tiyo zai shiga da ƙyar, fitar da shi kuma sai ka yi gumi. A jikin tulun an rubuta IN a gefen gas, OUT a gefen ruwa. Mahaɗin gas toka-toka ne, na ruwa baƙi.

Zare bututun, cire tsohuwar robar, wanke cikinsa da siririn burushi, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa. Abin da za ka gani a cikin bututun tsohon tulu zai iya hana ka cin abincin dare. Robar wuyan kai kuwa kada ka ɓanɓare ta da wuƙa, domin ƙarzanen da ba ka ko gani ba ya isa ya zama hanyar iska. Matse ta da yatsu biyu ta yi ƙusumbi, ka zura tsinken sakace a ƙarƙashi. Sa sababbin, shafa musu ɗan giris, mayar da komai. Wajen ɗaure kai, da hannu za ka fara har ya zauna, sannan ka ƙara masa kaɗan da sifana. Roba ce ke tare iska, ba ƙarfin damtse ba; in ka matse da yawa sai ka yanke ta.

Zan iya sayen robobin a wajen masu kayan famfo ko kayan mota?

Girmansu ba sirri ba ne. A ma'aunin Amurka na zoben roba, ta murfi lamba 417 ce, ta bututun ciki 109, ta wuyan kai 111, kodayake masu pin lock da yawa sun fi son 112 don ta ɗan fi kauri. Matsalar ita ce robar da aka yi wa inji ba a yi ta don ta taɓa abin da zai shiga cikin mutum ba. Nemi wadda aka rubuta cewa ta dace da abinci. Kuma kada ka yarda da “kusan ɗaya ne” na mai shago. A nan kusa ba ta kai ba.

Baƙar roba ko ta silikon?

Baƙar, wadda ake kira nitril ko Buna-N, ita ce ta asali. Tana da tauri, tana jure gogayya, shi ya sa ta dace da wuyan kai inda kullum ake cusa mahaɗi ana zarewa. Ta silikon ta fi laushi, ba ta sandarewa a sanyi, tana kuma rufe bakin tulun da ya ɗan lotse. Aibinta biyu: tana saurin yagewa, kuma iska tana ratsa ta fiye da yadda take ratsa baƙar. Masu giya suna damuwa da wannan sosai, don iskar oksijin tana lalata musu ɗanɗano in abin ya daɗe a ajiye. Ni da zoɓona ba ya kwana goma bai ƙare ba, silikon nake sa wa murfi, baƙa a sauran wuraren.

Wane giris ake shafawa? Basilin zai yi?

A'a. Akwai giris na musamman da aka yi don injinan abinci, ba wari ba ɗanɗano, bututu ɗaya zai yi maka shekaru. Man gyaɗa da man zaitun suna yin ɗoyi in sun kwana biyu, kuma maiƙo yana kashe kumfa. Abu ɗaya da za a kiyaye: giris ɗin silikon yana kumbura robar silikon, don haka duba abin da aka rubuta a jiki kafin ka haɗa su. Shafawar ma ƙyalli kawai ake so, ba damɓara ba.

Na canza komai amma murfin yana ta huci. Me na yi ba daidai ba?

Wataƙila ba ka yi komai ba. Murfin Cornelius daga ciki yake rufewa: iskar da ke cikin tulun ce take tura shi sama ya danne robar. Hannun nan na waje riƙe shi kawai yake kafin iska ta karɓi aikin. In ka buɗe gas a hankali a kan psi 5 ko 10 (psi ma'aunin matsin iska ne), sai iskar ta riƙa sulalewa ta gefe ba tare da ta ɗaga murfin ba. Ɗaga regileta zuwa psi 30, kusan abin da mai faci ke ba tayar ƙaramar mota, ka ja hannun murfin sama lokacin da iskar ke shiga. Za ka ji ya yi ɗas ya zauna. Sai ka sauke zuwa inda kake so. Masu giya kan tsaya a 10 zuwa 12, lemo kuwa yana son 30 ko fiye.

In bai yi ba, juya murfin gaba ya koma baya, don tsofaffin tuluna kowanne da gefen da ya saba. Jiƙa robar a ruwan zafi ta yi laushi. Duba 'yan takalman roba da ke ƙafafun hannun murfin. In sun cinye, hannun ba ya jan murfin sosai, kuma tsohuwar dabara ita ce a sa kwabo a ƙarƙashin kowace ƙafa. Sai kuma ka bi bakin tulun da yatsa. In ya lotse sosai, babu robar da za ta rufa masa asiri.

Tukunyar gas ta ƙare cikin kwana biyu, ban kuma ji ƙarar komai ba. Ina yoyon yake?

Wannan ta taɓa cin ni. Ranar wata Alhamis na cika tukunya mai laba 5, na haɗa zoɓon sunan ɗan wani abokina, na rufe firiza na tafi. Asabar da safe na murɗa famfo, ko ɗigo. Allurar agogon da ke auna matsin tukunyar tana kwance a sifili. Abin da ya jawo duk wannan 'yar robar bututun gas ce, wadda ba ta kai girman farcen ƙaramin yatsa ba. Na ɗaure kan da ƙarfi, ta tsage. Zoɓon dai a jug aka sha shi, lami.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne agogon tukunya. CO2 a ruwa-ruwa yake a ciki, don haka allurar tana tsaye wajen psi 800 ko tukunyar cike take ko saura kwata. Ba ta fara sauka sai ruwan ya ƙare, lokacin kuwa an riga an yi asara.

Neman yoyo dabarar mai faci ce. Shi yana tsoma tayar ciki a ruwa ya nemi kumfa, kai kuma za ka fesa ruwan sabulu a gefen murfi, da bawul ɗin sakin iska, da gindin kawuna, da samansu, da duk wata mahaɗar tiyo. Ka tsaya ka zuba ido, don ƙaramin yoyo sai ya yi minti ɗaya kafin ya tara kumfa. Kada ka manta da wurin da regileta ta haɗu da tukunya, akwai 'yar washa a nan da ke yawan ɓacewa. Kuma ka girgiza mahaɗin gas yana kan tulun. Wata robar ba ta yoyo sai an ɗan karkata ta. Gwaji na ƙarshe: matse komai, rufe bawul ɗin tukunya, ka duba allura da safe. In ta sauka, akwai sauran aiki.

Wani abu kuma, CO2 ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan firiza. Kada ka zura kai ciki kana neman inda ke huci. Shaƙa ɗaya za ka ji hanci ya yi zafi, kai ya juya.

Da na cire mahaɗin ruwa, sai kan ya riƙa tsartuwa.

Ɗan bawul ɗin ciki ne bai koma daidai ba. Danna shi sau biyu da wani abu mara kaifi. In ya ci gaba, kwance ka duba, sau da yawa ɗan ɓawon citta ne ko ganye ya maƙale. In sifirin ɗin ya gaji, sake sabo. Kamfanonin da suka ƙera tulunan nan, irin su Cornelius da Firestone, ba zare ɗaya suka yi wa kawunansu ba, don haka tafi shago da tsohon a aljihu.

Mu koma kan Sankey. Yaya ake cire zoben kulle?

A nan nake son a nutsu. Dogon bututun nan da ake kira mashi yana da tsawon tulun, kansa ƙarfe ne mai nauyi, kuma zoben nan kaɗai ne tsakaninsa da fuskarka. In akwai iska a ciki ka cire zoben, fitowa zai yi kamar harsashi. Tulun da aka ce “ai babu komai a ciki” ya fi kowanne haɗari, domin abin sha ne ya ƙare, iskar tana nan. An ƙayyade wa irin waɗannan tuluna psi 60. A Afrilun 2012, a garin Portsmouth na jihar New Hampshire, wani keg na roba ya fashe a wani kamfanin giya lokacin da ake hura masa iska don a wanke shi, ya kashe ma'aikacin. Iskar da aka matse ba ta san sabo ba.

Saboda haka kwantar da tulun a gefensa, bakin yana kallon inda babu kowa. Rufa tsumma a bakin, ka danna ƙwallon da ke tsakiya da sukundireba har hucin ya mutu. Jira kaɗan ka sake dannawa, don ragowar abin sha mai gas yana ci gaba da sakin iska. Dab da za ka taɓa zoben, danna na uku. Sa tabarau, kuma ko bayan haka kada ka ɗora fuskarka saitin bakin.

Zoben siririn ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe da aka naɗe zagaye biyu, kamar zoben makullai, yana kwance cikin wani kwari a wuyan tulun. A wuyan akwai 'yan tsage biyu. Nemo bakin zoben. In bai yi kusa da tsagar ba, tura shi a hankali har ya zo. Zura ƙaramar sukundireba ta tsagar, ka ɓanɓaro bakin ya leƙo, ka kama da filaya, ka bi shi zagaye yana warwarewa. Bayan ya fita, mashin ba zai taso kai tsaye ba, yana da 'yan kunnuwa biyu. Juya shi kaɗan har kunnuwan su zo saitin tsagen, sannan ka ɗago. A ƙarƙashin kansa za ka ga zoben roba ɗaya, shi ne wanda ake canzawa.

In ka leƙa ba ka ga zobe ba, to naka mai zare ne, murɗa shi ake yi da makulli na musamman, kuma da yawansu suna da wani maƙalin tsaro a ciki. Kada ka sa masa guduma da kurfi. Bakin Sankey ma ba iri ɗaya ba ne: D ne ya cika Amurka, S a yawancin Turai, A a Jamus, U na Guinness. Galibi kayan wani ba ya shiga wani.

Mayar da zoben ya gagare ni. Akwai dabara?

Fitar da shi minti biyu ne, mayarwa kuwa ta sa manya zagi. Dalili shi ne sabuwar roba tana ɗaga mashin, sai kwarin ya ɓuya. Dole a danne mashin ƙasa, ko da abin matsewa da ake sayarwa don haka, ko wani ya taya ka dannawa. Sa bakin zoben cikin kwarin, ka bi shi da filaya kaɗan-kaɗan har ɗaya bakin ya shige. Sannan ka haska fitila ka bi zagayen duka. Zoben da rabinsa ke ciki rabi a waje tarko ne ka ɗana wa kanka.

Wanda ka ɓanɓaro da sukundireba ya riga ya lanƙwashe, jefar da shi ka sa sabo. Masu yi a gida da yawa suna maye gurbinsa da zoben nan mai huji biyu a baki da ake matsewa da filaya mai tsini, irin wanda makanikai suka sani a cikin giyabos. Yana da sauƙin cirewa, gaskiya ne, amma ba shi masu ƙera mashin suka tsara ba, kuma sauƙin nasa ne abin tsoron: wanda bai sani ba zai iya cire shi cikin daƙiƙa ɗaya da iska a ciki. In za ka yi, ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai daidai girman kwarin, kuma tulun kada ya bar gidanka.

Na biya kuɗin ajiya na karɓo keg a shago. Ba nawa ba ne?

Ba naka ba ne. Kuɗin ajiya jingina ce, bai kai ko kusa da kuɗin tulun ba, kuma sunan mai shi yana buge a jikin ƙarfen. Mayar musu. Sababbi da tsofaffin da kamfani ya sallama da kansa suna nan a kasuwa.

Ni ba na shan giya. Zan iya zuba zoɓo a tulun da aka taɓa sa ta?

Hukuncin wannan na malamai ne, ni ɓangaren ƙarfe da roba na sani. Ƙarfen yana wankuwa tas da ruwan zafi da garin wanki irin PBW, a bi da Star San don kashe ƙwayoyin cuta. Kada ka sa bilic, sinadarin kulorin yana cin irin wannan ƙarfe ya bar masa ƙananan ramuka. Robobi, da 'yan bawul, da tiyo, duk a zubar a sa sababbi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sayi sabon tulu fil, ya huta.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma ba a cika tambaya ba: zoɓo mai sukari in ya zauna a rufe cikin ɗumi, da kansa zai fara tsami ya juye. Tulun ya zauna a firji, wajen digiri 3 zuwa 4 na ma'aunin Celsius, tun daga ranar da aka ɗura har ya ƙare.

Sau nawa ake canza robobin?

Babu ranar da aka yanka. Ni duk wankin tulu sai na ja kowace roba a hankali a gaban haske. In na ga tsaga, ko ta baje, ko ta yi tauri, ta tafi. Na wuyan kai ne ke fara mutuwa, su nakan canza kusan duk shekara, ta murfi kuwa tana iya ninka haka. Tulun da ba a amfani da shi ina wanke shi, ya bushe, in bar masa iska kamar psi 10. Ranar da na dawo gare shi sai in ja zoben murfi: in ya yi huci, robobinsa na da rai. Ragowar sababbin kuma suna cikin wata tsohuwar gwangwanin madara a cikin durowa, nesa da rana, tare da tsinken sakace da bututun giris.